Kada Kowa Ya Taɓa Mini Kwalekwale

Talata, 2 ga watan Kartik

Sun karya Dai.

Gara in rubuta, in ba haka ba zan ɗauki wani abu in fita.

Da safe ni da yayana Dhanbir, wanda nake kira Dai, muka sauke kwalekwalena daga kan motarmu jif kamar kullum, Dai ya riƙe kai, ni na riƙe gindi. Na shiga ruwa ina bin babban jirgin roba na baƙi masu yawon buɗe ido. Aikina ke nan, duk wanda ya faɗa kogi ni ke tsamo shi. Dai ya tsaya zai juya mota ya tarye mu a can ƙasa. Sai ga katafilar masu fasa dutse ta sake gangarowa tana yagar yashi a gindin gaɓar da gidajenmu ke kai. Tun damina yake gaya musu gaɓar nan za ta rufta. Yau zuwa ya yi ya tsaya a gaban katafilar ya harɗe hannu.

Na waiwayo daga tsakiyar ruwa na ga tifa ta tsaya. Gokarna, shugaban ma'aikatansu, ya diro da yaransa, kowa da bututun ƙarfe. Na ga bugun farko. Ban ji ƙararsa ba, ruwa ya danne ta. Dai ya ɗaga hannu ya kare kansa, suka bi hannun. Ya faɗi, suka bi ƙugu. Na juya kwalekwale ina tuƙi kamar mahaukaciya, amma Trishuli, kogin nan namu, ba ta mayar da mutum inda ya baro. Fuskata na kallonsa, ruwa na ja na baya, yana ta ƙanƙancewa har kwana ta ɓoye shi. Wani baƙo a jirgin roba yana ta ɗaukar hoton duwatsu.

Direban katafilar bai sauko ba. Kashe inji ya yi ya rufe fuskarsa da hula. Wannan ma na gani.

Laraba, 3 ga Kartik

Asibiti a Bharatpur. Hannu biyu duk sun karye, na dama a wuri biyu. Ƙugu ya tsage. An ɗaure shi kamar kayan da za a aika wani gari.

Ɗan sanda ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa. Na ba shi suna, na ba shi lambar tifa. Ya ce, "Duwatsun bakin kogi akwai santsi a wannan lokacin, ƙanwata." Na ce santsi ne ya bar masa shatin bututu a baya? Ya ce in rage murya, akwai marasa lafiya.

Sabitri matar Dai sai kuka. Ama, mahaifiyarmu, ba ta yi kuka ba, tana zaune a ƙasa ta riƙe babban yatsan ƙafarsa, nan kaɗai ne ba ciwo.

Da ya farka abin da ya fara ce mini: "Jun, motar tana ina?" Mota!

Asabar, 6 ga Kartik

Mai kamfaninmu ya kira ni bayan rumfa, yana magana yana kallon titi. Wai ba korata yake ba. Wai Gokarna ya bi shagunan shayi ɗaya bayan ɗaya ya ce duk hannun da ya taɓa kwalekwalen gidan Dhanbir, irin na Dhanbir zai koma. Direban bas ɗinmu ya ce shi yana da 'ya'ya. Sauran yaran jirgi ma haka.

"In kin iya kawo shi bakin ruwa da kanki, aiki naki ne. In ba ki iya ba…" Ya buɗe tafin hannu.

Mu huɗu muke ci daga aikin nan, har da gadon asibiti yanzu. Na ce zan kawo.

Lahadi, 7 ga Kartik

Ban taɓa sanin jif ɗin nan doguwa ba ce sai yau.

Na ɗauki kwalekwalen a kafaɗa yadda nake ɗaukarsa daga ruwa, na matso kusa da mota, na yi numfashi, na cilla shi sama. Ya bugi ƙarfen rufin ya dawo mini a fuska. Na tsinci kaina a ƙasa, shi a kaina, bakina cike da jini. Madubin gefe ya tarwatse. Haƙorina na gaba yana motsi.

Shagon shayin Tika-kaka yana tsallaken titi. Mutumin da ya ɗora ni a wuyansa ranar kasuwa ina ƙarama. Kofi ɗaya ya yi ta wankewa, ya wanke, ya sake wankewa. Direbobin tifa na zaune a bencinsa. Ɗaya ya ɗaga murya: "Yaya, ko ke za mu ɗaga mu ɗora a sama, kwalekwalen ya tuƙa?" Suka kwashe da dariya har wani ya ƙware da shayi.

Na tofar da jini na sake gwadawa. Ya zame ta gefe ya daki gwiwata. Na sake. A na ƙarshe ko ƙirjina bai wuce ba.

Jirgi ya tafi ba ni. Na ja kwalekwalen zuwa bayan gidanmu na yi ta harbinsa da ƙafa, kamar shi ya yi mini.

Litinin, 8 ga Kartik

Kafaɗa ta ƙi ɗaguwa. Leɓe kamar na jaki.

Alhamis, 11 ga Kartik

Dai ya kalli bakina ya gane. Bai ce sannu ba.

"Cilla shi kika yi, ko?"

Na ce eh.

"Ke buhun shinkafa kika ɗauke shi? Wa ya ce ki ɗaga shi duka? Rabi naki, rabi na ƙasa. Ƙasa ba ta tsoron Gokarna."

Ya yi mini bayani yana haki. In shimfiɗa bargo a gefen rufin ta baya. In jawo kwalekwalen bayan mota a miƙe. In tokare gindinsa da dutse kada ya zame. In ɗaga kan kaɗai in jingina a kan bargon. Sannan in koma gindi, in tsuguna, in kama, in miƙe da cinyoyina ba da bayana ba, in tura. Da ya zo wurin turawa sai ya manta, ya yunƙura zai nuna mini da hannu. Ihun da ya yi har ma'aikaciyar jinya ta shigo a guje. Gumi ya jiƙa matashinsa. Da ya lafa ya ce, "Kin gani? Haka, amma ban da ihun."

Na fita waje na tsaya bayan tankin ruwa. Ba kuka ba. Wani abu ne daban, mai zafi, yana hawowa daga ciki.

Juma'a, 12 ga Kartik

Ya hau.

Bargon Ama ya yage, na ƙuje fatar hannu, amma ya hau. Lokacin da nauyin ya bar hannuna ya koma kan rufi, sai da na kusa faɗuwa gaba. Na ɗaure igiya gaba da baya, na ja har roba ta yi ƙara. Benci ya yi tsit. Tika-kaka ya ɗago ido sau ɗaya ya mayar.

Na shiga mota na rufe ƙofa na yi ta dukan sitiyari da tafin hannu. Ban san dalili ba.

Talata, 16 ga Kartik

Yau jifa. Muna wucewa ta gaban injin fasa dutse suka jeru a kan tudun tsakuwa suna jifana, ni kaɗai, sun bar jirgin baƙi ya wuce tukuna. Ɗaya ya same ni a kai. Hular kwano ta tsage, idona ya yi duhu, na kife cikin ruwa. Da na juyo sama Gokarna na tsaye hannu a aljihu, yana tauna wani abu. Ya ɗaga mini hannu kamar mai gaisuwa.

Na ɗauke wuƙar kukuri ta Baba daga jikin bango. Na wasa ta a dutsen Ama. Tana cikin kwalekwale yanzu, a naɗe, tsakanin ƙafafuna.

Na san inda yake gangarawa shi kaɗai da rana in zai kama ruwa. Daga kogi ake ganin wurin, daga titi ba a gani. Na san ta inda zan fara. Hannu.

Alhamis, 18 ga Kartik

Ranar da 'yan'uwa mata ke sa wa 'yan'uwansu maza alamar goshi. Na kai kayan asibiti: launuka, mai, zaren furanni, gyaɗa da alewa. Na zagaye gadonsa da ɗigon mai kamar kowace shekara, masu jinya na kallo. Na ja masa farin layi a goshi na ɗiga launukan, na roƙa masa tsawon rai. Na rataya masa furanni a kan bandeji. Da aka zo nasa, ba hannun da zai sa mini. Sabitri ta tsoma yatsansa a launi, ni na sunkuyar da goshina na goga a jiki.

Ina sunkuye ya ce a hankali, "Wuƙar Baba fa?"

Na ce tana nan.

"Ama ta ce ƙusa kaɗai ke bango."

Na gyara masa zaren furannin.

"Jun. In suka rufe ki, wa zai riƙa share mini hanci? Matar nan da ƙarfi take murzawa."

Sabitri ta yi dariya tana hawaye. Ya ce in yi masa alkawari. Na cusa masa alewa a baki.

Asabar, 20 ga Kartik

Zan rubuta yadda ya faru, ba yadda ake faɗa a gari ba.

Ba mu da baƙi yau. Da hantsi ina bayan gidanmu ina wanke kwalekwale sai ƙasa ta girgiza, na ji wani irin gurnani, kaji suka watse. Gaɓar ce. Ba ta ɓangaren gidaje ba, ta gaban injin, inda suka fi ci. Ta rufta gaba ɗaya da katafilar a kai.

Ban jima ba sai ga su a guje, yaran Gokarna, su ɗin nan dai masu bututu, ƙura har gira. Suna ta ihu a tare. Dutsen tsakiyar kogi, ruwa na dukansa, igiya ba ta kaiwa, jirgin roba yana can gari. Abin da kunnena ya kama kawai: Gokarna. Gokarna yana kan dutse.

"Yaya, don girman iyayenki!" Ran Talata jifa, yau Yaya.

Biyu suka sunkuya za su ɗaga kwalekwalen. Na ɗauki filafilina na kai wa na farkon a wuyan hannu, da gefen, da dukkan ƙarfina. Ya durƙusa yana riƙe da hannun. Na ce, "Duk wanda ya taɓa shi sai na karya shi. Ai dokarku ce."

Suka ja baya.

Na shiga ɗaki na ɗauko bargo. Na kakkaɓe shi. Na shimfiɗa a gefen rufi, na ga bai daidaita ba, na gyara. Na jawo kwalekwalen bayan mota. Na nemi dutsen tokarewa, na ɗauki ɗaya na yar, na zaɓi wani. Ɗayansu yana kuka, katon namiji, yana cewa sauri, sauri, hannunsu zai gaji. Na ɗaga kai na jingina. Na koma gindi, na tsuguna, na miƙe, na tura. Ya hau sumul, bai taɓa hawa da kyau haka ba. Na ɗaure gaba. Na ɗaure baya. Na zagaya na duba kowane ƙulli. Duk unguwa ta fito tana kallo, ba mai tari. Daɗi nake ji. Gara in rubuta wannan ma. Daɗi nake ji har cikin haƙorina mai motsi.

Na shiga ruwa daga sama da injin. Kogin ya zama ja da laka, itace da ganguna na yawo, hannun katafilar kaɗai ke waje. Na hango shi manne da dutsen, rabin jikinsa a ruwa, ƙafa ɗaya ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Na shiga bayan dutsen inda ruwa ke lafawa. Yana ganina ya saki dutse ya cafki bakin kwalekwalen, ya kusa kifar da mu. Na doke yatsunsa. Wannan ka'ida ce, haka aka koya mana, mai nutsewa zai tafi da kai. Ya saki, ya kama madaurin baya inda ya kamata. Sai na sake dukansa. Wannan ba ka'ida ba ce. Na ji wani abu ya ɓalle a ƙarƙashin filafilin. Bai saki ba, ya riƙe da ɗayan.

Bakinsa na motsi. Na zaci roƙo yake. Sai da na matso da kunne.

"Bishun. Yanzun nan ya saki. Yanzun nan."

Na ce wane Bishun?

Direban katafilar.

Su biyu ne a kan dutsen. Sun faɗa mini. "Hannunsu," suka ce. Ni ce ban ji ba.

Na duba ƙasa. Laka, kumfa, wata ganga shuɗiya na juyawa. Na ja Gokarna zuwa gaɓa na yar da shi a kan tsakuwa, na koma ruwa na bi kogi har rana ta karkata. Babu.

Wuƙar tana tsakanin ƙafafuna duk tsawon lokacin. Ko tunawa da ita ban yi ba.

Lahadi, 21 ga Kartik

A gari wai ni jaruma ce. Waɗanda suka ga yadda na kakkaɓe bargo ba su ce komai ba.

Litinin, 22 ga Kartik

An kwantar da Gokarna a ɗaki ɗaya da Dai, gado uku tsakaninsu. An yanke ƙafar daga gwiwa. Dai ya ce Gokarna ya fi kowa raki, ya hana mutane barci.

Na gaya wa Dai komai, har dutsen da na yar na zaɓi wani. Na so ya zage ni. Na so ya ce ai ba ki sani ba. Bai ce ko ɗaya ba.

Da zan tafi ya ce, "Ki nemo shi."

Talata, 23 ga Kartik

Mahaifin Bishun ya iso daga ƙasar kudu a bas ɗin safe. Jageshwar sunansa. Tsoho siriri, gajere, da 'yar jakar leda da tawul a wuya. Sanyin nan namu ya kama shi, Tika-kaka ya ba shi tsohuwar rigar sanyi. Ya same ni ina ɗaure igiya.

"'Yata, ke ce mai kwalekwale?" Ya haɗa tafukansa a ƙirji. "An ce ke kika je ceto."

Na ce na makara, Baba.

Ya ce kogi ne. Ya ce Bishun bai iya iyo ba, a garinsu ruwan da ya fi zurfi iyakarsa gwiwa. 'Ya'ya uku ya bari. Ya ce kwanakin baya Bishun ya kira gida yana cewa zai bar aikin nan, ya ga abin da ya hana shi cin abinci, bai faɗi ko mene ne ba.

Ni na san mene ne.

Na buɗe baki zan gaya masa sauran. Na rufe.

Alhamis, 25 ga Kartik

Kullum ruwa, tun safe. Kowace kwana, kowane tarin itace, ƙarƙashin kowane dutse da filafili ke kaiwa. Tsohon yana bina ta titi a cikin motocin haya, in na ɗaga kai sai in gan shi a kan gada ko kan gaɓa, da tawul ɗinsa. Ba ya kira. Tsayawa kawai.

Sun kawo sabuwar katafila. Ja ce wannan.

Juma'a, 26 ga Kartik

Na same shi a ƙasan gadar igiya, saiwoyin wata bishiya sun riƙe shi ta riga. Ba zan rubuta yadda yake ba. Na ɗaura masa igiya a ƙirji na ja shi a hankali, a hankali sosai, kamar zai ji ciwo. Tsohon ya shigo ruwa har ƙugu da rigar aro ya karɓe shi daga hannuna. Ya share masa laka daga kunne da gefen tawul.

A nan bakin kogi aka ƙona gawarsa, kamar yadda al'ada take. Mutanen unguwarmu suka kawo itace. Daga masu injin ba wanda ya zo.

Asabar, 27 ga Kartik

Jiya ban iya ɗora kwalekwalen ba, a rairayi na bar shi. Yau na koma da jif. Tsohon yana wurin, zaune kusa da toka, yana jiran bas ɗin kudu.

Na shimfiɗa bargo, na jawo kwalekwalen, ina neman dutse. Da na juyo ya riga ya tashi ya kama kan da hannu biyu. Bai tambaye ni ba. Ba wanda ya gaya masa dokar, ko tasu ko tawa. Akwai direbobin tifa a kan gada suna kallo.

Maganar ta zo mini har baki, in ce kada ya taɓa, amma na bar shi.

Ba wani abu ba ne. Gajiya ce kawai, kafaɗata har yanzu ba ta saki ba, kuma ba a yi wa tsoho tsawa a kan tokar ɗansa.

Na kama gindi. Ya fi Dai gajarta sosai, sai da na ɗan rusuna kafin nauyin ya daidaita a tsakaninmu.